Ranar da Aka Auna Magister Chirinos

In ana lissafin masu ilimin birnin Arekipa, a fara ware Magister Eleodoro Chirinos gefe guda, don kada a zalunci sauran. Bawan Allah ya yi digiri na biyu, wanda ya ba shi laƙabin Magister, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Mai burodi Magister yake ce masa. Matarsa ma haka, in tana son zaman lafiya. Ranar da wani ɗan tasi ya kuskura ya ce masa "kawu", sauka ya yi ya ƙarasa da ƙafa, cikin rana, da kwat ɗinsa.

Sana'arsa ta jinƙai ce. Yana koya wa mutane yadda ake duba shafin intanet a gane ko makaho, ko kurma, ko mai rawar hannu zai iya amfani da shi. Saboda tsananin ƙaunarsa ga masu lalura, ajin nasa yana can hawa na uku. Don Fortunato, ɗalibi mai keken guragu, ya yi mako shida yana ɗaukar darasi daga tsakar gida ta taga. Magister ya raɗa wa wannan suna "karatu daga nesa".

Kullum da wa'azi yake buɗe aji. "Ni ne idon marasa ido! Ni ne kunnen marasa kunne! Ku rufe idanunku mu ɗanɗani duhu tare." Sai kowa ya rufe. Shi kuwa yakan bar ɗaya a buɗe, don ya ga ko ana ɗaukarsa hoto.

A kujerar gaba akwai Nélida Huamaní, wadda ba ta buƙatar ɗanɗano, don cikin duhun aka haife ta. Shekara goma sha ɗaya tana tausa a wani shago bayan kasuwa, har wuyan hannunta ya fara gajiya da ita. Wani kamfani ya ce ta zo ranar Litinin ta kama aikin gwajin shafuka, amma sai da takardar shaida, takarda kuwa sai da sa hannun Magister. Sau biyu yana kayar da ita a jarrabawar bambance launuka.

"Mamita, uwata, ki yi haƙuri," ya ce, yana shafa mata kafaɗa kamar ya zo ta'aziyya. "Aikin nan dubawa ne. Da me za ki duba?"

Ranar rufe kwas aka yi babbar baƙuwa, Doña Zoila daga hukumar gari, wadda ke neman mai horar musu da ma'aikata. Magister ya sha turare har ƙuda na kaucewa. Ya haska shafinsa na kansa a bango, ya tura ƙirji.

"Ga madubi! Shekara huɗu ba a taɓa samun tabo a nan ba. Duk wanda ya samo aibi ɗaya tak, yanzun nan zan sa masa hannu, ga Doña shaida."

Ɗalibai suka duba, suka yaba. Wanda ke jiran takarda ba ya ganin ƙurji a hancin malami.

Nélida ta ɗaga hannu. "Malam..."

"Magister."

"Magister, a ba ni aron lasifika."

Ta jona wayarta, ta kunna muryar nan da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo. To, masu digiri na biyu a ƙasar nan ba sa wahalar rubuta Magister gaba ɗaya, Mg. suke mannawa gaban suna. Namu ya manna shi wuri goma sha huɗu. Ita kuwa murya ba ta je jami'a ba. A kwalin magani ta san waɗannan haruffa.

"Barka da zuwa shafin Miligiram Eleodoro Chirinos," ta faɗa cikin ladabi. "Tarihin Miligiram Chirinos. Hoto. Hoto. Hoto. Nasarorin Miligiram Chirinos. Domin ganawa da Miligiram, danna nan."

Aji ya yi tsit, irin tsit ɗin tukunya kafin ta tafasa. Sai ga muryar Don Fortunato daga tsakar gida:

"A ƙara sauti! Kafin cin abinci ake shansa ko bayan an ci?"

Tukunya ta yi bori. Wani har da faɗowa daga kujera. Doña Zoila ta cusa fuska cikin jaka wai tana neman wani abu, kafaɗunta na rawa.

"Na'urar ce jahila!" Magister ya daka tsawa, wuyansa ya yi ja kamar barkonon rokoto. "Ba ta san martabar ilimi ba!"

"Gaskiya ne, jahila ce," in ji Nélida. "Sai dai ita ke karanta wa duk makafin garin nan. Shekara huɗu ke nan haka muke kiranka a ƙungiyarmu. Wallahi mun ɗauka sunan baftisma ne. Har tausayin mahaifiyarka muke ji."

Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, sai ran da aka sa masa lasifika. Magister ya laluba aljihu, wai ya bar alƙalami a gida. Doña Zoila ta miƙo nata. Ya sunkuya, ya fara zana babban M irin na kullum, sai hannu ya tsaya cak. Ya soke shi. Ya rubuta Chirinos tsirara, kamar kowane ɗan talakawa.

Nélida ta karɓi takardar, ta ɗora a tafin hannu, ta ɗan ɗaga ta sama ta sauke, kamar mai sayen cuku.

"Kai," ta ce, "ta fi mai sa hannun nauyi."