Turaren Ingila

Ina sabon kuku a gidan wani Bature a Azare, na ga kwalba mai hoton mutum da sanda, kullum a kulle. Ni da ba na tambaya, na ce turaren Ingila ne. Ranar Juma'a na samu kabad a buɗe, na yayyafa wa rigata har da hula, na je masallaci na kutsa sahun gaba kusa da Alƙali.

Ya shaƙa, ya juyo. "Malam, warin mene ne wannan?"

Wani tsohon soja ya ce, "Ranka ya daɗe, wuski ne, giyar Turawa!"

Nan take bayana ya fara jin bulala. Da ƙyar rantsuwa ta cece ni.

Har yau masu turare na hango ni sai su ce, "Malam, na shafawa ko na sha?"