Orijinal Daga Kano

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Sadiku, ɗan marigayi yayana, ko da yake kullum roƙona Allah Ya mantar da ni.

Ina da ciwon ɓarin kai. In ya taso, haske ma gaba yake yi da ni, sai duhu, sai amai. Na yi shekaru ina shan wata ƙwaya mai kyan kwali da tsadar tsiya, amma tana yi mini. Wata rana na je kantin magani a nan Mitchellville ta Amurka, yarinyar kantin ta miƙo mini wata farar roba, ba kwali ba ado, ga araha kamar kyauta. Wai yanzu an ba wasu kamfanoni damar yin irinsa, sinadarin ɗaya ne, suna kawai ya bambanta, kuma shi kaɗai inshora za ta biya.

Na yi murmushi. Ni da na tashi a Kano za a nuna wa jabu? (Digirina biyu fa, a lura.) Ina isa gida na wurga ta a shara. Matata ta ce, "Baban Ummi, nan fa ba Sabon Gari ba ce." Na ce ta bar ni da abin da na sani. Na buga wa wani abokina a Kano, ya samo mini orijinal da kwalinsa, aka ba mai tahowa ya kawo.

Sadiku ba shi da kowa a Amurka sai ni. Ni ne waliyyinsa, ni zan karɓar masa auren. Mahaifiyarsa ta kira ni har da kuka, ta ce, "Ka tsaya masa inda ubansa zai tsaya."

Tun a mota, kafin mu kai masallacin da ke kusa da College Park, na fara ganin walƙiya a gefen ido. Na haɗiyi orijinal. Shiru. Na ƙara wata. Shiru. Liman ya gama huɗuba, ya ce, "Ina waliyyin ango?" Aka miƙo mini makirfo. Na buɗe baki, sai cikina ya riga ni magana. Abin da ya fi kusa shi ne sabuwar hulata. A ciki na yi, a gaban surukai, lasifika kuma ta kai sautin har ɓangaren mata.

Aka kwantar da ni a ofishin liman, aka kashe fitila. Daga nan na jiyo muryar maƙwabcin Sadiku, wani direban tasi mutumin Kumasi, yana cewa, "Mun karɓa." Wallahi kuka na yi, kuma ba don ciwon ba.

Gwaggon amarya likita ce. Ta shigo, ta jujjuya kwalina, ta ce, "Alhaji, a ina ka samo wannan? Ai jabu ne." Ta zaro farar roba daga jakarta, irin wadda na jefar sak. "Wannan nake sha ni ma. Amma ba zan ba ka ba, tunda ban san me ka haɗiya ba."

An aika wa mahaifiyar Sadiku bidiyon. Abin da ta ce mini kawai, "Allah Ya ƙara sauƙi." Ba ta sake tada zancen ba, ni ma har yau ban iya kiran ta ba sai da salla.

Yanzu farar robar nake sha, tana kuma yi mini. Darasin da na koya shi ne, lallai na san jabu. Da ban same shi a Amurka ba, sai da na aika aka ɗauko mini shi a jirgi.