Bugun Farko a Filin Maiyama

Ni na ɗinka wa samarin unguwarmu ta Jega Magaji rigunan ƙwallo, aka rubuta sunan shagona na takin zamani a bayan kowace riga. Talla nake nema. Ranar wasansu da Maiyama, mai lasifika ya kira ni in buɗe wasa da bugun farko.

Tun da safe uwargida ta ce, "Alhaji, ka ɗaga musu hannu kawai ka zamna." Ban ji ba. Na tattare babbar riga, na ja da baya kamar mai bugun fenareti, na sheƙo da gudu. Ƙwallo ko motsi ba ta yi ba. Ni ne na tashi sama, na faɗo, ƙafata ta ce ƙas.

A bayan a-kori-kura aka kai ni Aliero wurin mai ɗori, jama'a na ɗauka da waya. Bidiyon ya zaga ko'ina. Ba wanda ya lura da sunan shagona, mai ɗorin ne ya yi kasuwa.

Yanzu na daina zuwa ɗaurin aure. Ko masallaci na ɗingisa, sai ladan ya ce, "Jama'a, ku ba kyaftin hanya."