Ranar Da Na Ce Amarya Ta Danne Ango

Ba zan taɓa mantawa da wunin bikin Jidda ba, kuma ko na so in manta, matan unguwar Concourse Village ta Bronx ba za su bar ni ba.

Bari in fara da abin da mutane ba su sani ba game da ni kafin ranar. Ni uwar 'ya'ya uku ce, nas a wani asibiti a Manhattan, mai zuwa islamiyyar manya duk Asabar. Idan miji da mata suka saɓa a Park Hill, unguwarmu a tsibirin Staten Island, ni ake kira in je in sasanta su. Amma a ɓoye ina mutuwar son tseren motoci. Ba irin na samari a kan titi ba, babban na duniya, wanda ake yawo ƙasa-ƙasa ana yi, kowane tsere a tara maki, ƙarshen shekara wanda ya fi maki ya zama zakara. Wani tsoho majinyaci ne ya ja min. Ya karye a ƙugu, ya daɗe a ɗakinmu, duk Lahadi sai ya sa na kunna masa talabijin yana yi min bayani ina gwada masa jini. Shi ya warke ya tafi gida, ni ya bar ni da ciwon.

Tun daga nan, a jirgin ruwan da nake shiga daga tashar St. George zuwa aiki, wasu na kallon teku, wasu na gyangyaɗi, ni ina kan waya ina duba wa ya canja taya da wuri. Maigidana, Baban Amira, cewa yake ƙarar motocin kamar an tsokano gidan zuma, kuma bai ga abin kallo ba a mutanen da ke gudu su dawo inda suka taso. (Wannan fa mutumin da ke iya wuni yana kallon ƙarti na bin ƙwallo guda.)

A shekarar ina da gwani, wani matashi mai koriyar mota da nake kira Auta saboda fuskarsa ta yara. Abokin hamayyarsa mai jar mota ne, na sa masa Tantiri. Tun farkon shekara Tantiri ke gaba, sai Auta ya yi ta cin tsere yana rage tazara, har ya zama saura tsere biyu, maki ƙalilan ne tsakaninsu. Idan Auta ya riga shi shiga a na kusa da ƙarshen, ya hau gaba. Idan kuwa ya tashi a banza, to sai dai a yi maganar baɗi.

Ranar wannan tseren aka sa wunin Jidda.

Jidda ɗiyar yayata ce, Yaya Binta. Karatu ya kawo ta, ta zauna a wurina, har ta haɗu da Razak, yaro mai hankali, iyayensa mutanen zangon Kumasi ne da suka daɗe a Bronx. Yaya Binta ta nemi biza ba ta samu ba. Ta kira ni daga Kano tana kuka, ta ce ni ce uwar amarya, in tsaya mata, kada in bari a ce 'yarta ba ta da kowa. Na ce ta kwantar da hankalinta, a irin wannan fagen ba a taɓa samuna da kuskure ba.

Dama auren da ƙyar ya ƙullu. Mahaifiyar Razak, Hajiya Memuna, babbar 'yar kasuwa ce mai sayar da atamfa da leshi, mace mai kwarjini, kuma tun farko ta ce tana tsoron Kanawa, wai muna raina su, muna dariyar Hausarsu. Na yi watanni ina sintiri gidanta da turaren wuta da kilishi kafin ta saki jiki da ni. Hausar tasu kuwa, ga wanda bai sani ba, babu "ke" babu "ki" a cikinta. Mace ma "kai" ake ce mata. Ranar da ta fara ce min, "Hajiya, ka zo lafiya?" sai da na waiwaya in ga ko Baban Amira ya biyo ni. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe ni.

Da aka sa ranar na duba jadawalin tseren. A Kudancin Amirka za a yi tseren, agogonsu kusan ɗaya da namu, wato bayan azahar, daidai lokacin da za a yi wa amarya nasiha. Mai hankali sai ta ce a bari in an dawo gida a kalli maimaici. Ni sai na sayi ƙaramin iyafis marar igiya, abin sauraron waya, na cusa a kunnen hagu, mai ɗaurin kallabi ta naɗa min gwaggwaro a kai, na yafa mayafi. Na ce wa kaina ai sauraro ne kawai, wa zai sani?

Ɗakin taron a ƙasan wani bene yake kusa da titin Concourse, an ƙawata shi da fari da ruwan gwal, ya cika maƙil da mata. Ga 'yan Ghana da farin leshi, ga 'yan Nijar suna jefa Faransanci, ga namu Kanawa da anko, yara na zagaye tebura suna amsa wa iyayensu da Turanci. Jidda da Razak suna zaune a kan dandamali, ita an lulluɓe ta. Ni ina babban tebur a gefen Hajiya Memuna. A gabanmu an jingina wayar Jidda da kwalbar lemo, Yaya Binta da sauran dangi suna kallon komai kai tsaye daga Kano.

Da farko abin ya tafi daidai. Ina gaisawa da mutane da kunnen dama, ina jin mai sharhi da na hagu. Aka tashi Auta na biyu. Ina karɓar barka daga wata Hajiya aka fara ruwa a filin. Ina nuna wa masu rabo inda za su kai kular shinkafa da wake da shito, yajin 'yan Ghana, Auta ya shiga canjin taya ya fito a gaban Tantiri. Na yi wani murmushi da ya sa Hajiya Memuna ta dafa hannuna ta ce ta ga farin cikin auren nan har zuciyata yake. Na ce ƙwarai kuwa.

Sai mai gabatarwa ta ce lokacin nasiha ya yi, uwar ango za ta fara, uwar amarya ta biyo baya. Ta miƙa wa Hajiya makirfo ɗaya, ta ba ni ɗaya in riƙe kafin a zo kaina. Ban tambaya ko a kunne yake ba. (A asibiti ba na taɓa na'ura sai na duba ta sau biyu. Ranar dai an rubuta.)

A daidai lokacin tseren ya zo gangara. Ruwa ya ɗauke, Tantiri ya sa sababbin tayoyi, yana cin tazarar kamar mayunwaci. Muryar mai sharhi ta fara hawa. Na runtse ido don in ji sosai, na haɗe hannuwa da makirfon a ƙirji. Daga baya aka ce min mata da yawa sun ɗauka addu'a nake yi wa 'yata, wasu har sun fara share hawaye.

Abin da Hajiya Memuna ke faɗa a lokacin, a bidiyo na ji shi daga baya. Cikin natsuwa take magana, tana kallon Jidda.

"Amariya, aure hankuri ne. Namiji wani lokaci zai zo da zafi. In ka gan shi ya taso, kada ka tsaya a gabansa. Ka kauce, ka ba shi hanya ya wuce."

A kunnena kuwa Tantiri ya iso bayan Auta, ya leƙo ta ciki a bakin kwana. Sai kawai wata murya ta cika ɗakin ta lasifika huɗu, muryar da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Kar ka ba shi hanya! Danne shi! Matse shi da bango!"

Da a nan na tsaya, wataƙila da an ce aljanu ne. Amma idona na rufe, ban san me ke faruwa a ɗakin ba, abin da na ji kawai shi ne motocin sun gogi juna, Auta ya wulwula ya daki shinge, Tantiri ya wuce abinsa. Na sauke ajiyar zuciya a cikin makirfon, na ce a hankali, amma kowa ya ji:

"Dama na san wannan yaron ba ɗan mutunci ba ne."

Na buɗe ido.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko a ɗakin tiyata. Mai zuba lemo ta tsaya da kwalba a sama. Razak ya buɗe baki yana kallona, bawan Allah, yaron da ko ƙuda bai taɓa kashewa a gabana ba. Kafaɗun Jidda na rawa a ƙarƙashin lulluɓi, ban sani ba kuka ne ko dariya. (Ta ce min duka biyun ne.) Kanawa sun ruɗe suna neman namijin da nake wa magana. 'Yan Ghana kuwa ba su ruɗe ba ko kaɗan. A Hausarsu magana ta fito sarai: uwar ango ta ce wa amarya ka ba shi hanya, uwar amarya ta ce kar ka ba shi, ka matse shi da bango, kuma ba ɗan mutunci ba ne.

Hajiya Memuna ta juyo gaba ɗaya, ta sauke makirfonta, ta tambaye ni ba tare da ɗaga murya ba.

"Hajiya, me ɗana ya yi maka?"

Na ce wallahi ba da Razak nake ba. Ta ce to da wa? Babu yadda zan yi, na sa hannu ƙarƙashin gwaggwaron ina laluben kunne, ɗaurin da aka sha wahala a kansa ya warware ya zubo min a fuska. Na zaro iyafis ɗin na ɗora a tafin hannu kamar wadda aka kama da kayan sata. Na ce wani direba ne. Ta ce direban tasi? Na ce a'a, na tsere. Ta ce ɗan'uwana ne? Na ce a'a. Ta ce ya san ni? Na ce bai ma san an haife ni ba. Ta daɗe tana kallon ɗan abin da ke hannuna. Daga jikin kwalbar lemo kuma sai ga muryar Yaya Binta tana cewa, "Wai ke ce kuwa? A karkato min wayar in gani."

Hajiya ta ƙarasa nasiharta ba ta sake kallon inda nake ba. Da aka zo kaina, jawabin da na yi mako ina shiryawa ya gudu. Na ce Allah ya ba da zaman lafiya, na zauna. Amin ɗin da aka amsa ya fi ƙarfin addu'ar. Wajen ɗiban abinci wata tsohuwa 'yar Ghana ta matse min hannu, ta raɗa min cewa gaskiya na faɗa, amma irin wannan a ɗaki ake gaya wa yarinya, ba a lasifika ba.

A hanyar gida Baban Amira, wanda labarin ya riga ya kai masa, yana tuƙi muka hau gada. Can wata mota ta sa sigina tana son shiga gabanmu, sai ya juyo da fuskar mutumin kirki ya ce, "Hajiya, in ba shi hanya ko in danne shi?" Haka ya yi min a kowace kwana har Park Hill.

Abin dai ba na dariya ba ne gaba ɗaya. Jidda ta kira ni washegari, ta ce surukarta ba ta ce mata komai ba, amma gaisuwarta ta yi gajarta. Yaya Binta ta yi fushin da ba ta ɗaga wayata. Ranar da na samu hutu na shirya na tafi Concourse Village, na durƙusa a falon Hajiya tsakanin ɗaurin atamfofi, na ba ta haƙuri. Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci, sannan ta ce in tashi in nuna mata abin da ya fi nasiharta muhimmanci.

Na buɗe mata a waya. Ta sa tabarau, ta sa na maimaita wurin karon har sai da ta ƙoshi. Sannan ta cire tabaran ta yanke hukunci.

"Mai jan nan da ka zaga, a kan hanyarsa yake. Naka ne ya rufe masa. Da ya kauce, da ya zo na biyu ya kai motarsa gida lafiya."

Abin haushin, alƙalan tseren ma haka suka ce. Na buɗe baki in kare Auta, na tuna abin da ya kawo ni, na ce gaskiya ne, Hajiya. Sai a lokacin ta yi dariya, irin mai girgiza jiki duka, ta ce a kawo min abinci. Kafin in bar gidan ta sa na kira Yaya Binta a wayarta, ta ce mata ta yafe min, ƙanwar tata ba mugunta gare ta ba, motoci ne suka shiga kanta.

A tseren ƙarshe Auta ya zo na ɗaya, amma makin da ya zubar ranar bikin ba su dawo ba, Tantiri ya zama zakara. Ina zaune ina jimami waya ta yi ƙara. Hajiya Memuna ce. Ta ce Razak ya gaya mata mai jan ya ci, ta kira ta yi min jaje. Ban taɓa jin jaje mai daɗi a bakin mai yinsa irin wannan ba.

Jidda da Razak suna nan lafiya, har sun haihu. Ni kuwa daga Bronx har Staten Island sunana ya koma Hajiya Danne-shi, kuma kiran sulhun da ake yi min ya ragu, ko da yake wasu matan yanzu sun fi nemana fiye da da.

Za ku ce na koyi barin tsere ranar biki. To, kusan haka. Yanzu idan aka kawo min katin gayyata, kafin in tambayi kalar anko sai na fara duba jadawali. In sun haɗu, sai in aika da kular abinci da gudummawa, in ce a gaishe min da amarya. Amaren sun fi samun zaman lafiya a haka.