Giwa, Kyamarar da Ta Kasa Ganin Gauraka, Ta Rasu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda kaɗan ne daga cikinsa rabon mamaciyar, ni Malam Uwaisu Gazara, malamin darasin noma a wata sakandare da ke Makarfi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda aka fi sani da Giwa. Na fitar da wannan sanarwa a madadin kaina ni kaɗai, domin na nemi iyalina su sa hannu sun ƙi. Marigayiyar ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a cikin buhun shinkafa, bayan jinyar kwana arba'in da uku. Ta yi kusan wata biyu a hannuna. A tsawon wannan zama hoto ɗaya tak aka nema daga gare ta, kuma ba ta bayar ba.

Ga wanda bai san dalilin zuwanta gidana ba, ga shi. A farkon kakar bana wani Bafulatani da ke kiwo a bayan Paki ya tare ni a hanya ya ce gauraki biyu sun sauka a fadamarsu. Ban yarda ba sai da na je na gani da idona, don tun ina saurayi rabon da in ji an ce an ga gauraka a yankinmu. Da na koma Gazara na ba mahaifiyata labari. Iya 'yar Paki ce, a bakin wannan fadamar ta tashi, kuma tun farkon damina ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ko ƙofar ɗaki sai an riƙe ta. Da ta ji sai ta ce suna 'yan mata kukan gauraka ne ke tashinsu da asuba. Ta ce, “Ni dai ba zan iya zuwa ba. Ka ɗauko mini hotonsu in gani kafin su tashi.” Na ce mata ta ɗauka an gama.

Ina da madubin hangen nesa, irin mai ido ɗaya da ake ɗorawa a kan ƙafa uku, wanda wasu masu ƙidayar tsuntsaye suka bar mini shekarun baya da na yi musu jagora. Gauraka ba ya bari a matso shi. Idan taku ɗari biyu ya rage tsakaninku sai ya miƙe wuya, ka ƙara goma ya tashi. Amma ta cikin madubin nan har ƙwayar idonsa kana gani. Abin da ya rage kawai shi ne a samo abin da za a kanga a idon madubin ya ɗauki abin da mutum ke gani. Mai ɗakina Rahama ta ce, “Malam, ka kanga wayarka mana. Idonta ƙarami ne kamar na mutum, zai shiga.” Na ce mata hoton da za a kai wa Iya ba za a ɗauke shi da abin da ake ɗaukar hoton miya ba. Na faɗi wannan magana a tsaye, da ƙarfi, maƙwabta suna ji, don haka ba ni da hanyar musanta ta.

Daga nan na nufi wajen Ukasha, mai ɗaukar hoton biki a Makarfi, mutumin da tun da yake bai taɓa ɗaukar abin da ba ya tsayawa ya gyara hula ba. Ya jera mini kyamarori biyu a kan benci. Ƙaramar, mai ɗan gajeren baki, ya ture ta da bayan hannu ya ce ta 'yan makaranta ce. Daga baya na gano irinta ce masu wannan aiki ke nema ido rufe. Ta biyun ma bai yaba ba. Ya ce wadda ta dace da mutum irina tana Kudan wajen wani biki, in jira ta dawo. Na jira kwana shida. Ranar da ta iso ya ɗora ta a tafin hannunsa yana jijjigawa kamar mai tayin doya, sannan ya sauke ta a nawa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, kyamara nauyi ce. Ka ji wannan? In ka shiga taro da ita sai an tashi an ba ka kujera.” Ni da na yi shekara ashirin ina koya wa ɗalibai su riƙa tambaya, ban tambaye shi ko gauraka yana ba da kujera ba.

Al'ada ce a faɗi kyawawan halayen mamaci, kuma zan ƙoƙarta. Marigayiya Giwa tana da nauyi. Tana da dogon hanci da ke miƙewa idan an kunna ta, har mata su leƙo ta katanga. Tana da kwarjini a hanya, domin ranar da na rataya ta na hau mashin zuwa Ikara mutum uku suka gaishe ni da “ɗan jarida”, kuma ban gyara musu ba. Na so ta, wannan ba zan ɓoye ba. Da hular sallata nake goge mata fuska, a cikin babbar rigata nake naɗe ta, na hana kowa a gidan ya taɓa ko igiyarta. Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba. Idan tana neman abin da za ta ɗauka sai ta ce zuuu, ta dawo ta ce zuuu, ta sake komawa, ba ta taɓa samu ba. Idan kuma aka danna ta sai ta ce ƙaras, da ƙarfin da ke girgiza madubin har ƙafafunsa. Iyakar abin da na iya tunowa na alheri ke nan.

Ciwonta na asali da shi aka ƙera ta. Bakinta ya kai murfin kwanon sha, idon madubin kuwa bai wuce murfin kwalba ba. Duk yadda aka haɗa su, abin da ke fitowa baƙin zobe ne mai kauri da ɗan haske a tsakiya, kamar wanda ya faɗa rijiya yana kallon sama. Mai hankali da ya ga haka ran farko zai mayar da ita. Ni sai na ce adafta ce babu, wato ƙarfen da ke riƙe kyamara daidai da idon madubi don kada ta goce.

Adafta ta farko daga Kano aka aiko ta ta hannun direba, bayan kwana biyar. A jikin kwalinta an rubuta cewa tana shiga kowace irin kyamara. Mai yiwuwa gaskiya ne, ban da Giwa, wadda ta lanƙwasa mata wuya cikin minti ɗaya. Ta biyu wani mai walda ne a Ikara ya ƙera ta da guntun bututun famfo. Ya auna bakin Giwa da igiya, ya auna idon madubin da ɗan yatsa, ya ce in dawo jibi, jibin ya zama kwana huɗu. Da ya gama, adaftar ta kusa kai Giwa nauyi, shi da Ukasha suka yaba wa juna. Sauran kwanakin sun tafi a makaranta da gwaji a tsakar gida, inda na ɗauki baƙin zobe a kan zakaran maƙwabci ya fi sau hamsin.

Duk yamma idan na shiga gaishe da Iya tambayarta ɗaya ce. “Sun tashi?” In ce, “Suna nan, Iya, kayan aiki nake haɗawa.” Ta ce, “To, Allah ya taimaka.” Haka muka yi kwana goma sha takwas. Rahama tana kawo mata kunu tana jinmu.

A rana ta goma sha tara na isa fadamar Paki rana ba ta gama fitowa ba. Na kafa madubin a bakin ruwa, na ɗaura bututun, na ɗaura Giwa. Gaurakin suna can suna abin da Iya ta sha ba mu labari, suna tsalle suna buɗe fukafukai suna sunkuyar wa juna kai. Giwa ta ce zuuu. Ta dawo ta ce zuuu. Na danna, ta ce ƙaras, komai ya yi rawa. Kafin in sake dannawa nauyinta da na bututun ya rinjayi madubin ta baya, ƙafa ɗaya ta nutse a laka, duka suka taho. Na cafe madubin da hannu biyu. Marigayiyar ta zame daga cikin bututun ta nufi ruwa, kuma cikakkiyar kalmarta ta ƙarshe ita ce tsulum. Gaurakin suka tashi suka koma can ƙetare.

Katin ajiye hotuna da ke cikinta bai lalace ba, sai Ukasha ya wanke mini hoton nan guda. Baƙin zobe ne kamar kullum, a tsakiyarsa wani abu fari-fari ya shafe, ni kaina da na ɗauka ba zan rantse tsuntsu ne ko leda ba. Ba ni da wani, sai na kai wa Iya shi. Ta matso da shi kusa, ta nisanta shi, ta juya shi. Sannan ta ɗora yatsa a kan wani wuri da na san tushen ciyawa ne ta ce, “Ga shi nan kuwa. Ga tukkun nan. Allah ya yi maka albarka.” Ta sa shi ƙarƙashin matashinta. Iya ƙafa ce ta kwantar da ita, idonta garau yake, har bana ita ke zura wa Rahama zare a allura. Ta san abin da ta gani, ni ma na san ta sani, kuma kunyar da na ji a ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba. Bayan kwana uku Allah ya karɓi abarsa, Iya ta rasu. Ba tata sanarwar ake yi a nan ba, tata an yi, jama'a sun zo daga Paki da Ikara da Kudan, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai Rahama ta ce in kai ta fadamar. Muka tarar gaurakin suna nan. Ta zo da murfin jarkar man gyada wanda ta huda da ƙusa mai zafi ta manna a bayan robar wayarta, daidai da idon wayar. Ta kifa murfin a idon madubin ya zauna daram. Ta saita wayar ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku, ta janye hannunta don kada ya yi rawa. Aikin bai kai minti biyu ba. A hoton ana iya ƙirga gashin tukkun ɗaya bayan ɗaya, ga jan kumatun, ga ɗigon ruwa a bakinsa. Na so ta ce ai ta faɗa mini, da na sami abin yin faɗa a kai. Ta miƙo mini wayar kawai ta juya baya tana goge ido da mayafi.

Ita kuwa marigayiyar tana kwance a buhun shinkafa bisa shawarar Ukasha, wai shinkafa za ta tsotse ruwan. Sau ɗaya ta farfaɗo, a mako na huɗu, ta ce zuu a hankali, ta miƙo rabin hancinta ya maƙale a nan. Ranar Talata na fito da ita na tarar gilashinta ya yi fumfuna, batirinta ya kumbura. Mai gyara ya duba ya girgiza kai.

Ta rasu ta bar adafta ta Kano, mai lanƙwasasshen wuya, wadda har yau ba ta yi aikin minti biyu ba. Ta bar adafta ta Ikara, wadda yanzu ake tokare ƙofar garken awaki da ita, kuma a nan ta sami sana'ar da ta dace da ita. Ta bar jaka da caja da igiyar rataya. Ta bar madubin hangen nesa, wanda ba ruwansa, an haɗa shi da ita ne ba a tambaye shi ba. Ta bar Ukasha, wanda ya zo mini jaje ya ce, “Ai ruwa ne, ranka ya daɗe, ba laifin kyamara ba ne.” A wannan karon ya yi gaskiya. Ba laifin kyamara ba ne, kuma ba duka nasa ba ne. Ta bar ni, wanda ya zaɓe ta.

Za a yi jana'izarta ranar kasuwar Makarfi mai zuwa bayan sallar azahar. Ba za a yi mata wanka ba, ta yi nata a fadamar Paki. Ba za a roƙa mata rahama ba, don ba ta da rai, kuma ba ta nuna alamar ta taɓa yi ba. Ana roƙon Ukasha ya halarta a kan lokaci domin shi zai ɗauki gawar tun daga Gazara, tunda shi ne mai son nauyi. Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan da ke bakin kasuwa, su da ke karɓar kaya a kan sikeli, inda a karon farko nauyinta zai yi wa wani amfani. Shinkafar da ta yi jinya a ciki an riga an zuba wa kaji.

Ba a buƙatar zaman makoki, tabarmin gidan an naɗe su tun bayan na Iya. Wanda yake son ganin gauraka yana iya zuwa Gazara kowace rana. Na sa an wanke hoton da Rahama ta ɗauka babba, na kafa shi a ɗakin Iya, a bangon da ke kallon gadonta, daidai inda mai kwance zai gani ba sai ya ɗaga kai ba. Ana roƙon masu zuwa kada su taɓa matashin. Hoton da Giwa ta ɗauka yana nan ƙarƙashinsa inda ta ajiye shi, na kasa cirewa.