Rasuwar Ƙuma, Wadda Kamfani Ya Kashe da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da bai huce ba, Malam Salifou na Villeurbanne, kusa da Lyon a Faransa, yana sanar da rasuwar Ƙuma, 'yar na'urar intanet marar waya da ya shekara goma yana riƙo.

An haifi marigayiya a Paris a 2006, a wani kamfanin da bai cancanci a ambaci sunansa ba. Malam Salifou na cikin injiniyoyin da suka ƙera ƙwaƙwalwarta, wadda Faransawa ke kira puce, wato ƙuma. Da ya fassara wa mahaifiyarsa Hajiya Rékia a waya, sai ta zaga Damagaram tana cewa ɗanta ya tafi Turai kiwon ƙuma, mutane suna ta dariya. Ya rantse mata wannan ƙumar za ta kai intanet har ɗakinta, ta ga fuskarsa, masu dariya su ji kunya.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta cin wuta, ba ta tsegumi. In ta samu layi sai ta ce "tit-tit", ta kunna koren idonta.

Ba cuta ce ta fara kama ta ba, manyan kamfani ne. A 2011 suka hango wata sabuwar fasaha mai maiƙo, suka zauna cikin kwat suka yanke mata fin de vie, ƙarshen rayuwa, tana numfashi. Su wa suka ba su ikon ɗaukar rai? A zaman nan suka sallami Malam Salifou. Ya ɗauko ta zuwa Lyon, tana neman layin da aka riga aka rufe, har idonta ya koma ja. Ranar Talata idon ya mutu ɗungurum.

Ta bar caja guda, da eriya mai karaya, da alkawarin da ba a cika ba. Hajiya Rékia ta riga ta tafiya lahira bara, ba ta ga fuskar ɗanta ta cikinta ba.

Za a kai ta wurin zubar da tsofaffin na'urori na Villeurbanne ranar Asabar bayan la'asar, a jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1. Babu wanka, don ba ta son ruwa. Manyan kamfani kada su zo, kada su aiko fure. Wanda ya yi kisa ba ya kama makara.