Ranar da Mesa ta Auna Ɗakin Kande

A Dajin Tsamiya Bakwai, tun kaka da kakanni an raba aiki: manya su yi shawara, ƙanana su ɓare gyaɗa. Kullum da safe ɓeraye da kuregu da gafiyoyi sukan hallara a gindin kuka, su yi ta ɓarar gyaɗar gwamnati har la'asar. Cikin kowane mudu uku na lada, ɗaya na haraji ne. Zaki ke shugabanci, Dila ke riƙe da ma'aikatar haraji, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya yi kukan ciwon haƙori ba.

Shekarar da ruwa ya cinye hanyar gindin kuka, aka ce kowa ya ɗebi kasonsa ya ɓare a raminsa. Ruwa ya janye, doka ba ta janye ba, don manya sun gano inuwar kuka ta fi daɗi in babu hayaniya.

Kande, wata gafiya mai 'ya'ya bakwai, ta sha wahalar wannan tsari. Ɓawon gyaɗa ya cika mata gida, har yara na kwana a tsaye. Abu ɗaya ke sanyaya mata rai. Kowace gafiya ƙofa biyu gare ta: ta gaba wadda kowa ya sani, da ta gudu, wadda ko miji sai ya shekara ake nuna masa. Ta Kande tana ƙarƙashin saiwar wani kalgo, an toshe da busasshen ganye. Sau biyu tana tserar da 'ya'yanta ta nan.

Da majalisa ta zauna, maƙwabcinta Ɗanliti kurege ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, gidajenmu sun zama ma'aikata. Mu ke shara, mu ke gyaran rufi, haraji kuma yana nan yadda yake."

Dila ya gyara murya. "Shugaba, 'yan majalisa, wannan kuka ya taɓa zuciyar gwamnati. Daga yau duk mai aiki daga gida za a yi masa rangwamen haraji. Sharaɗi biyu ne kawai, don kada ɓata-gari su ci da gumin talaka. Ɗakin ya zama na aiki zalla. Sannan Hajiya Mesa ta shiga ta auna shi da jikinta, domin ita ce ma'aunin da ba ya karɓar goro."

Aka yi tafi. Kunkuru ne ya fara nema, aka hana shi, wai a ɗakin da yake aiki a nan yake barci. Zaki ya bayyana cewa dajin gaba ɗaya gidansa ne, kuma tunani yake yi a cikinsa dare da rana. Da yake Mesa ba za ta iya auna daji ba, aka yarda da maganarsa, aka yafe masa komai.

Kande ba sakarya ba ce. Ta yi kwana uku tana juya abin, ta ga rangwamen zai kai yaranta ƙarshen bazara ba su kwana da yunwa ba. Ta haƙa sabon ɗaki, ta share shi tas, ta tura yaran can ƙurya. A takarda kuwa ta ce ƙofarta ɗaya ce tal.

Mesa ta iso da hantsi, ta yi sallama cikin ladabi, ta zura kai. Ta yi ta shiga, ta yi ta shiga, har ta naɗe a sabon ɗaki, jelarta ta cika hanya.

"Ma sha Allah, Malama Kande, ɗaki ya yi. Tsawona ɗaya da rabi. Kin cancanta."

"Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri. To, a sauka lafiya."

"Ta ina?"

"Ta inda kika shigo mana, Hajiya."

Mesa ta yi murmushi. "Haba 'yar'uwa, ma'aikacin gwamnati ai ba ya ja da baya, haka dokar aikinmu take. In babu wata ƙofar, ba komai, sai in zauna tare da ku zuwa a kawo masu haƙa. Sati biyu ne ko uku." Ta ɗan fito da harshe ta ɗanɗani iska. "Yara nake ji a ƙurya? Allah ya raya. Su nawa ne?"

Kande ta juya. Ta dubi ƙurya, ta dubi baƙuwarta. Sai ta wuce gaba ta janye busasshen ganye da hannunta, haske ya shigo. Mesa ta sulale ta ƙarƙashin kalgo. A waje ta tarar da Dila zaune da alƙalami, wai wucewa yake yi.

Rangwame dai ya fito, ba a cuce ta ko ƙwaya ɗaya ba. Sai dai tun daga ranar barcin Kande ya ƙaura, don ta san an rubuta kalgonta a littafi.

Bayan wata uku majalisa ta sake zama. Dila ya ba da labari mai daɗi: an auna ramuka ɗari biyu, kuma masu ƙorafi sun ragu ƙwarai. Gaskiya ya faɗa. Bencin ƙananan dabbobi ya yi sarari, kowa har miƙe ƙafa yake yi. Wurin zaman Ɗanliti babu kowa, an ce ya yi tafiya, shi da iyalinsa, bai yi wa kowa sallama ba.

"Masu goyon bayan a ci gaba da wannan alheri," in ji Zaki yana hamma, "su ɗaga hannu."

Kowa ya ɗaga. Kande ma ta ɗaga, tun da ba a zama hannu ƙasa a gaban Zaki. Sai da hannun ya kai sama ta tuna da ɗanyar jar ƙasar da ke maƙale a faratanta, ta sabuwar hanyar da ta yi sati shida tana haƙawa a ɓoye, saura taki uku ta ɓulle bayan suri. Ta yi maza ta sauke, ta ɗaga ɗayan. Shi ma haka yake.

Dila ya dube ta da fara'a, ya buɗe littafinsa.

"Malama Kande, na ga kina faɗaɗa wurin aiki. Kin kyauta, rangwamenki zai ƙaru. Gobe da hantsi Hajiya za ta zo ta sake awo."